Na'urar wasa ta hannu: kuɗin saye da shekarun aiki

Mai sayen saniya a kasuwar Lahadi ta Filinge ba ya tsayawa kan kuɗin da dillali ya yanka. Sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, don ya san shekara nawa ta rage tana ba da nono. Da irin wannan ido ya kamata a dubi na'urar wasa ta hannu, wadda samarin Kurfai, ƙasar da Filinge take, suka fi gani a bidiyon salula, sai jefi-jefi wata ta faɗo daga Yamai ko daga jakar ɗan ci-rani. Tsadarta ko arharta ba ta bayyana sai an raba kuɗin da shekarun da za ta yi tana aiki, kuma kamfani ne ke yanke waɗannan shekaru tun kafin ta bar masana'anta.

A 1989 Nintendo ya fitar da Game Boy a Amurka kan dala 90. Allonta ba kala, kayan cikinta tsoffin yayi ne, kuma da gangan injiniya Gunpei Yokoi ya zaɓe su saboda arha da juriya. Sega ya biyo da Game Gear mai allon kala kan dala 150, amma tana lanƙwame batir shida cikin awa uku zuwa biyar, alhali huɗu na kai Game Boy fiye da awa goma. Iyaye suka yi lissafi. Game Boy da ƙanwarta mai kala suka sayu fiye da miliyan 118, ba a daina ƙera su ba sai 2003. Nintendo da kansa ya sha kashi da ya saki wannan hanya: a 2011 ya sa wa 3DS dala 250, kasuwa ta ƙi, kafin wata shida ya sauke zuwa 170, shugabansa Satoru Iwata ya zaftare rabin albashinsa. Sony kuwa ya ɓoye tsadar PS Vita cikin katin ajiya da ba ya shiga wata na'ura sai ita, masu saye suka gane, aka rufe babinta a 2019.

Za a ce ai zamani ya juya, tunda Switch 2 ta Nintendo ta fito a Yunin 2025 kan dala 450, aka kwashe miliyan uku da rabi cikin kwana huɗu. Haka ne, sai dai amanar da tsohuwar Switch ta gina ce aka saya: shekara takwas tana karɓar sabbin wasanni tun daga 2017, kuma yawancinsu suna tashi a kan sabuwar. Mutum na yarda ya biya da yawa in ya tabbata ba za a yasar da shi a hanya ba. A Nijar kuma dala 450 ta kai kimanin sefa dubu 250, kusan albashin wata shida ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na dubu 42. Mai saye a Filinge ta-hannu zai samu, bayan wani ya ci rabin rayuwarta, don haka shi ne ya fi kowa cutuwa da dabarun gajarta wannan rayuwa.

Dabarun ba ɓoyayyu ba ne. A Maris 2023 Nintendo ya rufe shagon intanet na 3DS. Mai wasa a kaset yana iya sayarwa ko ba da aro, wanda ya dogara da saukewa kuwa an rufe masa ƙofar ƙari. Batirin yanzu a manne yake a ciki, kuma zafin bazara da ke haura digiri 40 yana saurin kashe irinsa. Batirin Game Boy ko mai tebur yana da shi, na yau kuwa sai caji, kuma duk wanda ya ga yadda Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a Agustan 2023 ya san caji ba abin tabbas ba ne.

Wasu za su ce duk wannan ɓata baki ne, ai Tecno ko Itel ta ishi yaro wasa. Wannan ma hujja ce ga maganar: kamfanin Transsion mai ƙera su ya mamaye Afirka ne da arha, da batir mai daɗewa, da kayan gyara da ake samu a rumfunan masu gyaran waya. Darasin Yokoi ne ya koma aljihun wasu.

Abin da zai iya sauya lissafin daga Turai yake tafe. Bayan koke-koken masu saye, Nintendo ya amince a 2023 ya riƙa gyara sandar sarrafawar Switch kyauta a ƙasashen Tarayyar Turai, kuma dokar da Tarayyar ta kafa a shekarar ta wajabta cewa daga 2027 batirin irin waɗannan na'urori ya zama wanda mai shi zai iya cirewa ya sauya. Gyaran kyautar bai kai Filinge ba, amma na'urar da aka ƙera bisa wannan doka ita ce za ta shigo kasuwar Katako ta Yamai a matsayin gwanjo bayan wasu shekaru, kuma mai gyara zai iya buɗe ta ba tare da ya fasa ba.