Idan famfo ya fara fitar da tururi

Da zarar hunturu ya kama, musu kan hitar banɗaki ya dawo ke nan, a majalisa da kuma WhatsApp. Wasu sun rantse fashewa take yi, ko kyauta ba sa so. Wasu kuma yabon tasu suke yi, wai ruwanta ba a iya tsoma masa yatsa, tururi har ya rufe madubi. Na farko tsoronsu ya yi yawa. Na biyun ne suka fi damuna, domin abin da suke yabo shi ne alamar na'urar ta samu matsala.

Ba a ƙera hita don ta tafasa ruwa ba. A cikin tankinta akwai sandar ƙarfe da wuta ke zafafawa, kusa da ita kuma akwai tamostat, wanda ke jin zafin ruwan ya yanke wuta idan ya kai inda aka saita. Mutane da yawa suna murɗa shi har ƙurewa, wai don ruwa ya yi zafi da wuri kafin a ɗauke wuta. Uzurin a fili yake, amma dabarar ba ta aiki. Ƙarfin sandar ɗaya ne ko a ina aka ajiye ma'aunin. Abin da ya canza kawai shi ne ba za a yanke mata wuta ba sai ruwan ya kai digiri 70 ko fiye.

A digiri 70, daƙiƙa ɗaya ta isa ruwa ya yi wa fata ƙuna mai zurfi. A digiri 60, kamar daƙiƙa biyar. A digiri 49 kuwa sai an ɗauki mintuna, mutum na da damar janye jiki. Wannan lissafin fatar babba ne. Ta yaro ta fi taushi, kuma ɗan shekara biyu da ya murɗa kan famfo bai san yadda zai mayar da shi ba. Ga tsofaffi, ga masu ciwon sukari da ƙafafunsu suka daina jin zafi sosai. Saboda irinsu ne Ingila tun 2010 ta wajabta cewa a sabon gida ruwan da ke zuba a bahon wanka kada ya wuce digiri 48.

Sai dai kada a ji haka a sauke tankin ya zama ɗumi-ɗumi. Ƙwayar cutar Lejiyonela, wadda aka gano bayan ta kashe mahalarta wani taron tsoffin sojoji a Filadelfiya ta Amurka a 1976, tana hayayyafa a ruwan da ke kwance tsakanin digiri 20 da 45, kuma ta feshin shawa take shiga huhu. Don haka ake barin tanki a 60, a saka bawul mai gauraya ruwan zafi da na sanyi kafin ya iso hannu.

Wanda ruwansa ya yi zafi fiye da kima ya fara da mai sauƙi. Idan hita a kashe take amma famfo na ƙona hannu da azahar a watan Afrilu, baƙin tankin roba da ke kan rufi ne ya sha rana. Idan shawa ce ke rikiɗewa ta yi zafi a duk lokacin da wani ya buɗe famfo a kicin, ruwan sanyi ne ya rage ƙarfi, gyaran na bututu ne. Idan kuwa an rage ma'auni, an kwana, ruwan bai sauko ba, to tamostat ya liƙe, ko kuma farin ɓawon da ruwan burtsatse ke bari ya lulluɓe shi har ba ya jin zafin da wuri. A nan a kashe makunni a kira mai gyara.

To a hannun mai gyaran ne abin ya fi ɓaci. Tamostat ya mutu, babu sabo a kusa ko maigida ya ce ya yi tsada, sai a haɗa waya kai tsaye da sandar, a ce, "Alhaji, in ya yi zafi ka kashe da kanka." Wa zai tuna? An kunna da dare, wuta ta tafi, an kwanta, ƙarfe biyu ta dawo. Sannan ga ɗan bawul ɗin nan da ke kan bututun da ruwa ke shiga, wanda yake ɗiga lokacin da hita ke aiki. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, bawul ɗin ne ke rage matsin. Ɗigar aikinsa ce. Amma saboda tana ɓata tayil, sai a cire shi a toshe wurin. Wanda ya yi waɗannan biyun daidai yake da wanda ya liƙe murfin tukunya gam, ya ci gaba da tura itace a murhu, ya tafi barci. Ruwan da aka matse yana wuce digiri 100 bai tafasa ba, kuma da zarar tankin ya tsage sai wani kaso na ruwan ya zama tururi nan take, tururi kuwa yana neman wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan. Fashewar da ake tsoro daga nan take zuwa.

Hita da yawa suna da kariya ta biyu, wani ɗan maɓalli da ke yanke wuta idan zafi ya wuce iyaka. Idan yana yawan faɗuwa, danna shi ba gyara ba ne, tamostat ne ke neman canji.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ana miƙa wa ɗan haya makullin gida, ya duba fenti da tayil, ba wanda ya buɗe murfin hita ya ga yadda aka haɗa wayar. Hukumomi suna magana a kan ingancin kayan da ake shigo da su, alhali na'ura mai kyau ma a wurin ɗaurawa ake lalata ta. Mai shiga sabon gida ya sa a buɗe murfin a gabansa, a nuna masa tamostat a haɗe, a ɗaga hannun bawul ya ga ruwa ya fito, kafin yara su fara wanka a wurin.