Amalanken rairayi: a duba ƙasanta kafin a yaba fentinta

Duk wanda ya taɓa barin kwaltar da ta taso daga Damagaram zuwa Diffa, ya ratse a Gure ya yi arewa wajen Kelle da duwatsun Kutus, ya san cewa a nan rairayi ne ke da iko da hanya. Mota na shiga, amma ba kullum ba, kuma kuɗinta ba na kowa ba ne. Abin da ke kai buhun hatsi, da tabarmi, da duron ruwa, da mata masu tuwo-tuwo kasuwannin mako, ita ce amalanke, wadda wasu ke kira kura, ta jaki ko ta shanu. Ga ɗan kasuwar da ke kwana a hanya kuwa, ita ce motarsa, ita ce shagonsa, ita ce kuma ɗakin kwanansa.

Amalanke mai tayar roba ta yaɗu a ƙasarmu ne bayan farin shekarun 1970, lokacin da aka buɗe masana'antun kayan noma irin su UCOMA a Damagaram, da ACREMA a Tahoua, da CDARMA a Dosso. Daga baya masu walda na cikin gari suka karɓe aikin. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, sabon ƙarfe da sabuwar taya suka yi tsada, sai aka ƙara raja'a kan gawar tsofaffin motoci, musamman Peugeot 404 da 504. Wannan ba aibu ba ne. Aibun shi ne mai saye ya tsaya kallon jan fenti da zanen fure, bai leƙa ƙasa ba.

Ran amalanke yana ga ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyi biyu, wanda makanikai ke kira aksul. Wani mai walda yakan ɗauko na bayan mota sukutum ya ɗora, to amma yana da nauyi, dabba za ta riƙa jan ƙarfe tun ba a ɗora mata kaya ba. Wanda ya san aiki yakan yanke kawunan biyu masu boris, ya like su a bututun ƙarfe mai kauri. A nan gwaninta take, domin in kai ɗaya ya karkace ko da kaɗan ne, tayar za ta riƙa gogar ƙasa maimakon ta mirgina, ta cinye da wuri, jaki kuma ya gaji tun hantsi. Gwajin ba wuya: a tura amalanken babu kaya a wuri mai laushi, a dubi sawun, ya kamata layuka biyu su tafi tare ba tare da an ga inda taya ta ture ƙasa gefe ba. Sannan a ɗaga kowace ƙafa a juya ta da hannu, a girgiza ta. In tana ƙara ko tana rawa, boris ɗin ya mutu.

Ni kaina na taɓa kwana a daji saboda wannan. Muna dawowa daga wani ƙauye inda na je ɗaukar shiri, murfin boris ya faɗi ba wanda ya lura, rairayi ya shiga ya haɗu da giris ya zama kamar dutsen niƙa, kafin magariba ƙafar ta ƙi juyawa. Matan da muke tare da su sun rasa kasuwar washegari, a kan murfin da gwangwanin tumatir ma zai iya tsayawa a madadinsa.

Sai taya. A rairayi mai faɗi ake so, kuma kada a cika ta da iska tam, domin in an ɗan rage, tana shimfiɗa a ƙasa ta hau bisa rairayin, ba ta nutse ba. A cikin duwatsu kuwa sai a ƙara. Ƙayar aduwa ba ta san hanzari ba, don haka famfo da kayan faci su zama ƴan gida. A kuma sa mai walda ya auna tazarar tayoyin daidai da sawun amalanken da ke bin hanyar, in ba haka ba ƙafa ɗaya na cikin sawu ɗaya na kan tudu, tafiya duka a karkace.

Abin da aka fi zaluntar dabba da shi shi ne wurin da aka dasa aksul. In ya yi baya da yawa, nauyi ya sauka a gadon bayan jaki, miki ke nan. In ya yi gaba, kaya su rinjayi baya su nemi ɗaga shi sama. Turawan Ostareliya da Amurka masu ƙera ƴar tirelar da mota ke ja zuwa kwanan daji, mai tanti da tankin ruwa, suna bin ƙa'idar cewa kusan kashi 1 cikin 10 na nauyi ne zai hau kan abin da ke ja, sauran yana bisa tayoyi. Namu ma haka ne: kaya masu nauyi a kan aksul, gaba ya ɗan rinjaya kaɗan. Amalanken jaki ba ta wuce kilo 500 a hanya mai kyau, wato buhu 5 na hatsi mai tiya 40, a rairayin Kelle kuwa mai tausayi zai rage biyu. Kuma tunda ba ta da birki, a gangaren dutse sai an sa maɗauri a bayan cinyoyin jakin, don kada kaya su bi shi su doke shi.

Zancen kwana shi ne mafi araha, in an faɗa tun ana ƙira. A like guntayen bututu huɗu a kusurwoyi, inda za a kafa sanduna a yafa tabarma ko tamfol, da rana inuwar kasuwa, da dare wurin ɗaura gidan sauro. A yi akwatin ƙarfe mai kwaɗo a ƙarƙashin katako, da mazaunin jarka biyu masu lita 20 kusa da aksul, da ƙafar ƙarfe gaba da baya don ta tsaya daidai in an kwance dabba.

Mata da yawa da kuɗin asusu suke yin ta, irin na ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991. Kuɗin gumi ne na watanni. Hajiya, kada ki biya duka a rana ɗaya: ba da na ƙarfe, ki tura wanda ya san boris ya tsaya a zaɓi kawunan a gabansa, cikon kuma sai an ɗora buhu uku an zagaya da ita cikin rairayi kina gani.