Gazawa: Yadda masu garka ke kare ƙananan shuka daga ɗarin hunturu

A watan Afrilun 2021, manoman inabi a Faransa sun kwana suna kunna kyandir a gonakinsu saboda ƙanƙarar da ta sauka bayan itatuwa sun tofo. A Gazawa da ke jihar Maradi ƙanƙara ba ta kwanta a kan ganye, sai dai masu garka na nan ma suna da nasu daren fargaba, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu.

A wannan lokaci sanyin asuba kan sauka zuwa wajen digiri 12 ko 13. Albasa, salati da kabeji, wanda ake kira shu a Nijar, suna son haka. Tattasai da tumatir ne ke wahala. Irin tattasai ya fi son ƙasa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30 kafin ya tsiro, don haka idan ƙasa ta yi sanyi sai ya daɗe a kwance. Wanda ya fito kuma, iskar gabas mai ƙura ta busar da shi.

Dabarun da ake bi ba su da tsada. Ana kafa darnin karan gero ko zana ta ɓangaren arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa. Fangalin da aka zuba iri kuma a lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa, domin ɗumin da ƙasa ta sha da rana kada ya tsere da dare, musamman daren da sama ta washe. Amma da zarar tsiro ya leƙo dole a janye ciyawar, in ba haka ba ya yi tsawo siriri ya faɗi. Wasu kan ɗaura tsohon gidan sauro a kan sanduna, ya rage iska, ya kuma tare ƙwari.

Wurin ban-ruwa ne sabon shiga ya fi yin kuskure. Ganin ganye ya yi yaushi, sai ya yi ta kwarara ruwa da yamma, shukar ta kwana cikin laima da sanyi, gindinta ya ruɓe. Tsofaffin hannu sun fi ba da ruwa da hantsi, kaɗan-kaɗan.

Abin da ake tsoro a zahiri shi ne jinkiri. Idan reno ya makara da mako biyu ko uku, dashe ma ya makara, furen ya faɗa cikin zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, ya kakkaɓe ba tare da ya ɗaura ’ya’ya ba. A gidajen Gazawa da Agye da Gidan Rumji inda ɗan ci-rani ne ya aiko da kuɗin iri da na man injin ban-ruwa daga Kano ko Libiya, ba kasafai ake samun aike na biyu a shekara guda ba.