Ƙarar Inji da Ma'aikaci Mai Galahanga

Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, wani yanayi ne na ginuwar ƙwaƙwalwa tun daga ƙuruciya, wanda ke shafar magana da cuɗanya da jama'a, da kuma yadda mutum ke karɓar sauti da haske. Likita Leo Kanner ya yi cikakken bayaninta a Amurka a 1943, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana samunta ga kimanin yaro 1 cikin 100. Da yawa daga cikin masu ita, haka ma wasu da ba su da ita amma kunnensu ba ya jure amo, suna jin ƙarar da kowa ya saba da ita tamkar ana soka musu allura, har su toshe kunne da yatsu, ko su tashi su bar aiki ba sallama.

A Unguwar Tudu da sauran garuruwan ƙasar Gwarzo da Kabo, wurin aikin yawancin matasa, in an cire gona, shi ne shagon ɗinki, ko rumfar walda, ko wurin injin niƙa da markaɗe, kuma kusan ko'ina akwai janareta yana ruri. Masana sun yi gargaɗi cewa sautin da ya kai desibel 85, wato ma'aunin ƙarfin sauti, yana iya lalata ji idan aka shafe awa 8 a cikinsa kullum, sai dai mai galahanga yakan fara wahala tun ƙarar ba ta kai nan ba. Don haka ake samun yaron shago mai basira da kula da ƙananan abubuwa, amma a yanke masa hukuncin lalaci ko taurin kai, wani lokaci ma a ce iska ce ta taɓa shi.

Kayan da ke taimakawa wajen rage ƙara suna hawa-hawa. Mafi araha shi ne toshin kunne na soso, wanda ake murzawa a tura cikin kunne ya kumbura ya cike ramin, sai marufin kunne mai kauri irin na ma'aikatan filin jirgin sama. Na sama da su shi ne abin kunne mai kashe ƙara, wanda ke da ɗan ƙaramin makirfo da ke ɗaukar amon waje, sannan na'urar ta fitar da kishiyar amon, su haɗu su kashe juna kafin su isa dodon kunne. Bajamushe Paul Lueg ne ya sami rajistar wannan dabara a Amurka a 1936, kamfanin Bose kuma ya fitar da irinsa domin matuƙan jirgi a 1989. Irin wannan abin kunne ya fi cin rurin janareta da inji, mai tafiya bai ɗaya, amma bugun guduma da ihu sukan ratsa shi. Ba a so kuma a wuni da kunne a toshe, domin hakan na iya ƙara masa rashin juriya, yana kuma hana jin gargaɗi kusa da inji, shi ya sa ya kamata a nemi shawarar sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Wayar hannu ma kayan aiki ce, domin awon riga ko jerin aikin yini da aka aiko a rubuce ko cikin hoto ta WhatsApp ya fi shiga kai fiye da umarnin da aka ƙwala cikin hayaniya. Haka nan mayar da janareta bayan katanga, ko komawa kan sola, ko sanar da ma'aikaci kafin a tada inji, duk suna sauƙaƙa masa.

Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Amma a karkara, inda sana'ar hannu ce ke ɗaukar matasa, maigidan shago da ƙungiyoyin masu sana'a ne ke da wuƙa da nama, kuma a wuyansu nauyin yake na tabbatar da cewa ƙara ba ta raba mai basira da hanyar cin abincinsa ba.