Koka ta Bakin Rahad: Gari Ne, Ba Zango Ba

A kudancin jihar Gadarif, gabashin Sudan, akwai wani ƙauye da ake kira Koka a gaɓar kogin Rahad. Mutanensa Hausawa ne, kuma lokacin da masu binciken lafiya na Jami'ar Khartum suka riƙa bin su gida-gida daga shekarun 1990, yawansu bai kai dubu biyu ba. Idan zancen Hausawan Sudan ya taso a Kano ko Maraɗi, akan ce ai 'yan'uwa ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka. Wasu 'yan siyasar Sudan ma haka suke faɗa, sai dai su manufarsu daban: matafiyi ba shi da gona, ba shi da sarauta, kuma ana iya ce masa ya ƙara gaba. Ina ganin wannan magana ta daɗe da tsufa, kuma ƙauye irin Koka ya isa ya ƙaryata ta.

Kogin Rahad yana gangarowa daga duwatsun Habasha, yamma da tafkin Tana, ya je ya faɗa Shuɗin Nilu kusa da Wad Madani. Da damina yakan cika har ya yi ambaliya, da rani kuwa sai ya tsinke ya bar gurabe nan da can. Ƙasar da ke kewaye da shi baƙar laka ce. In ruwa ya sauka ba mota ba amalanke, ƙauyuka su yi watanni a yanke, in rani ya yi kuma sai ta dare har hannu ya shige. Laka ce mai albarka, ita ta mai da Gadarif rumbun dawa da riɗin Sudan, amma ruwan sha yana wuya a cikinta da rani, shi ya sa ƙauyuka suke lafewa a bakin Rahad da Atbara da Setit. Faffaɗan filin kuwa ya daɗe da samun masu shi. Wajen 1945 Turawan Ingila suka fara noman tarakta a Gadambaliya, yamma da birnin Gadarif, don ciyar da sojojinsu. A 1968 gwamnati ta kafa hukumar noman injina, aka riƙa yanka gandaye masu faddan 1,000 zuwa 1,500 ana bai wa attajirai da manyan ma'aikata, galibinsu mazauna birni. Dokar 1970 ta zo ta ce duk filin da ba shi da rajista na gwamnati ne. Abin da ya rage wa ƙaramin manomi shi ne gefen ƙauye da bakin kogi, kuma nan ne Bahaushe ya fi kowa sanin abin yi: noman fadama, lambun rani, da kamun kifi. Wanda ya dasa bishiyar da sai bayan shekaru za a ci 'ya'yanta ba shirin tashi yake yi ba.

Ba a musun cewa hanyar Hajji ce ta fara kawo mutanen yamma wannan ƙasa. Tun kafin zuwan Turawa, Takari ne ke riƙe da Gallabat, kasuwar kan iyakar Habasha. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci waɗanda suka tsira zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar wajen 1906. Daga baya aikin audugar Jazira, wanda ya kankama a 1925, da layin dogo da ya ratsa Gadarif a ƙarshen shekarun 1920, suka jawo dubban leburori. Gwamnatin mulkin mallaka ita ce ta so su, don tana da ƙasa ba ta da hannuwa. An gayyace su aiki, suka sare daji, suka haifi 'ya'ya da jikoki waɗanda ba su taɓa ganin Dala ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne hanyar da duniya ta san yawan mutanen Koka. Ciwo ne ya sa aka ƙirga su. Kurmin aduwa da ƙaya da ke kan wannan laka shi ne matattarar wani ɗan ƙanƙanin ƙwaro mai cizo da dare, wanda ke yaɗa cutar kala-azar: zazzaɓi mai daɗewa, kumburin saifa, rama, kuma in ba a yi magani ba yawanci ajali. Masu bincike sun kwatanta Koka da Um Salala, ƙauyen Masalit da suka yi ƙaura daga Darfur suka zauna a bakin wannan kogi. Sun tarar ƙwayar cutar tana shiga jikin mutanen ƙauyukan biyu, amma a Koka mafi yawan waɗanda ta shiga ba sa kwanciya, a Um Salala kuwa tana kayarwa sosai. An yi ta muhawara ko gadon jini ne. Amma cikin abin da aka lura da shi har da cewa mutanen Koka sun fi samun abinci mai gina jiki, kuma ban ga yadda za a raba wannan da zaman da ya kafu ba. Rumbu da lambu da kifi ba sa samuwa ga wanda yake da ƙafa ɗaya a hanya.

Mai ja zai ce duk da haka baƙi ne, ƙasa kuwa ta Shukriyya ce da Dabaina, waɗanda nazirorinsu, wato sarakunansu na gargajiya, suka riga kowa. Tsohon sunan birnin Gadarif ma Kasuwar Abu Sin ne, da sunan gidan sarautar Shukriyya. Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a raina haƙƙin makiyayan da su ma tarakta ta cinye musu burtali ba. Sai dai Gadarif ta yau kusan kowa zuwa ya yi: attajirin gandu daga bakin Nilu, lebura daga Darfur da duwatsun Nuba, ɗan gudun hijira daga Eritriya da Habasha. In zuwa daga wani wuri ne laifin, me ya sa tambayar ta fi tsananta a kan Bahaushe? Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa zuriyarsa na Sudan tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar jikokin mutanen Burmi a waje. An sassauta shi daga baya, amma tabon bai goge ba. A 2008 Hausawa sun fito zanga-zanga a Gadarif bayan wata jarida ta danganta wa shugaban ƙasa na lokacin, Umar al-Bashir, maganar cewa su ba 'yan Sudan ba ne, maganar da fadarsa ta musanta.

Akwai kuma masu cewa gara a yi shiru, don neman a san da kai yana jawo fitina. Suna nuni da jihar Shuɗin Nilu, inda a Yulin 2022 rikici ya ɓarke bayan Hausawa sun nemi sarautar gargajiya tasu, aka kashe ɗaruruwan mutane kafin shekara ta ƙare. Wannan tsoro ba na wasa ba ne. Amma rikicin ya nuna cewa shirun shekara ɗari bai sayi aminci ba, don a tsarin Sudan wanda ba shi da murya a majalisar gargajiya ba shi da mai tsaya masa ranar rabon ƙasa. Ƙidayar 2008 ta ba jihar Gadarif kimanin mutum miliyan 1.3, ba ta tambayi ƙabila ba, kuma ba lallai sai an tambaya ba. Abin da ƙauye kamar Koka ke bukata shi ne a rubuta iyakar gonakinsa da sunan masu nomansu, a ba 'ya'yansa takardar ɗan ƙasa ba tare da an tura su neman shaidar kakan kaka ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, dubun dubatar mutane daga Khartum da Jazira da Sinnar sun kwararo Gadarif, da yawansu kuma za su nemi inda za su yi shuka. Duk ranar da aka zauna sabon rabo, filin da ba shi da takarda shi za a fara aunawa.