Koyar da Darasin Narkewa a Makarantun Sakandare

Wahalar farko da malamin kimiyya kan ci karo da ita a wannan darasi ita ce kalmar "narkewa" kanta. Bahaushe yakan ce man shanu ya narke, ya kuma ce gishiri ya narke, alhali kuwa al'amura biyu ne dabam. Man shanu zafi ne ya mai da shi ruwa-ruwa. Gishiri kuwa bazuwa ya yi cikin ruwa, yana nan bai ɓace ba. Shi ya sa masu aikin gishiri a Bilma kan bar ruwan a rana ya ƙafe, gishirin ya fito.

Bayan wannan, wajibi ne ɗalibi ya san ruwa yana da iyakar abin da zai ɗauka. Giram 100 na ruwa mai ɗumin digiri 20 yakan narkar da gishiri kimanin giram 36, sukari kuwa wajen giram 200. Abin da ya haura haka sai ya kwanta a ƙasa.

Amfanin sanin awo yana bayyana wajen haɗa wa yaro mai gudawa ruwan gishiri da sukari, watau ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. In gishirin ya zarce kima, magani ya koma cuta.