Tafiyar Keke a Ayari: Saurin Wa Za a Bi?

A kudancin Jihar Katsina, musamman a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, keke abin neman abinci ne, kuma darajarsa ta ƙaru tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na babur suka fi ƙarfin manoma da ƙananan 'yan kasuwa da dama. Matsalar tsaro kuwa, wadda ta sa gwamnatin jihar ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme a shekarar 2021, ta koya wa jama'a cewa tafiya a ayari, wato a rukuni guda, ta fi tafiyar mutum shi kaɗai kwanciyar hankali.

Sai dai ayarin masu keke ba ya daɗewa a dunƙule, domin saurayin da ya fito da keke fayau ba zai yi tafiya ɗaya da dattijon da ya ɗaure buhun masara a kariya ba, wato mazaunin kaya na baya. A shimfiɗaɗɗiyar kwalta tazarar ba ta cika fitowa ba, amma da an iso hawa ko yashi sai nauyi ya nuna kansa, tunda yawancin kekunan karkara ba su da giya, mai kaya kuwa dole ya sauka ya tura. Ga kuma bambancin niyya, wanda ya fi na ƙarfi haddasa saɓani: wani sammako ya yi don ya riski kasuwar Sheme ko ta Dandume kafin ciniki ya yi nisa, wani ziyara za shi, babu abin da ke koransa.

Kuskuren da aka fi yi, wanda masu sauri ke ɗauka alheri ne, shi ne su tsaya a inuwa su sha ruwa su huta, sa'annan da na baya ya iso yana haki sai su ɗare kekunansu su ce a ci gaba. Ta haka wanda ya fi bukatar hutu shi ne ba ya samunsa, tazarar kuma ƙaruwa take yi a kowane zango.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro sun san wannan matsala, shi ya sa ayarinsu ke da madugu mai yanke shawarar tashi da sauka, da jagaba mai shige gaba. Masu keke za su amfana da irin wannan tsari idan tun kafin a tashi aka faɗi lokacin da ake son isa da wuraren tsayawa, aka sa mai kaya mafi nauyi kusa da gaba don a bi takunsa, aka kuma bar ƙaƙƙarfa ɗaya a ƙarshe riƙe da famfo da kayan faci. Wanda uzurinsa bai jure jira ba, gara ya faɗa tun a gari a haɗa shi da abokin tafiya, su yi nasu rukunin.